Lauratu Mai Langaɓu da Ƙasusuwan Kunne Uku

Duk wanda ya ci langaɓu a Kontagora a shekarun tamanin, in dai gaskiya zai faɗa, ko na Lauratu ya ci, ko ya ci na wata yana tuna nata. Gidanta yana bayan kwata, inda hayaƙin babbaka yake riga kiran assalatu tashi. Haifaffiyar Salka ce, aure ya kawo ta gidan Audi mahauci. Shi yana yanka, ita tana karɓar kai da ƙafa, ta babbake, ta kankare, ta wanke, ta sassare da gatari, ta zuba a tukunyar da yaro zai iya wanka a ciki. Da Audi ya rasu mutane suka ce shi ke nan, tukunya ta bi mai gida. Lauratu ta gama takaba, ta hura wuta, mahauta suka ci gaba da ajiye mata kawuna kamar ba a yi komai ba.

Gajeriya ce kakkaura, mai wushirya. Wushiryar ba irin ta ado ba ce da ake wa waƙa, faffaɗa ce, har direbobin tasha suna tsokanarta wai tsinken tsire zai wuce ta ciki bai taɓa haƙori ba. Ita kuwa ba ta barin magana ta kwana. Takan ce, “Ta nan nake hango wanda ya ci bai gode ba.” Babban abin alfaharinta shi ne sanin kai. Tana bugun ƙirji ta ce babu lungu babu saƙo a kan rago ko na sa da hannunta bai shiga ba, kuma ba wanda ya taɓa musa mata.

Abu biyu ne Lauratu ba ta magana a kansu. Na farko kunnuwanta. Tun tana yarinya suke zubar da ruwa, a ɗiga wannan a ɗiga wancan, ya tsaya ya dawo. Da girma ya zo ruwan ya ƙafe, ji kuma ya bi shi a hankali. Ta koyi kallon baki. In ba ta kama magana ba sai ta yi dariya ta ce, “Kai dai ka sani,” amsar da take shiga ko'ina. Sai an matso daf da kunnenta na dama an ɗaga murya take ji sosai.

Na biyu Haliru, ɗanta na fari. Lauratu tana cikin matan da suka riƙi kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami “yaron nan” ne, da ya girma ya zama “wancan.” In ya durƙusa gaishe ta sai ta juya wa tukunya fuska ta amsa wa murhu. Ranar da ya shiga soja, mata suka cika gidan suna yi mata barka, ta ce ita ba ta aiki kowa ba. Amma 'yarta Bilki ta lura tun daga ranar uwar ta daina sayar da harshen rago a ranakun da ake sa ran zai zo gida, sai ta ce wai bai dahu ba.

A shekarar casa'in aka kwashe su Haliru zuwa Laberiya. Watanni suka yi ta wucewa ba labari, sai abin da rediyo ke faɗa, wanda ba mai daɗi ba ne. Rannan wani soja da aka dawo da shi da rauni a ƙafa ya yi sallama, ya miƙa kaset. A lokacin haka ake yi, wanda ke nesa ya zauna gaban rakoda ya yi ta magana, a kawo wa na gida su ji da kunnensu.

Bilki ta ɗauko rakodar da Haliru ya bari, aka sa batir, maƙwabta suka cika tsakar gida. Lauratu ta ja kujerarta can gefe, ta ba su baya, ta ɗora kan akuya a cinya tana kankara. Mata suna ta yaba ta, “Kai, Inna Lauratu akwai alkunya, ko waiwaye!” Ba su san ko ta waiwaya ba abin da za ta samu ba. Abin da ke iso ta daga akwatin nan bai fi gunjin ƙudan zuma a cikin tulu ba.

Bayan an watse Bilki ta matso kunnenta ta zayyana mata komai. Yana lafiya, abinci sai shinkafa, ruwan sama ba ya ɗaukewa, ya gaida wane da wance, ya ce a gaishe ki. Lauratu ta ce, “To, na ji. Miƙo min wuƙar can.” Amma ba ta ji ba, kuma abin ya tsaya mata a ƙahon zuci. Magana ana iya ba wani ya kai, murya kuwa ba a aiken ta. Ita da ta san yaron nan tun bai iya cewa komai ba, da ta ji muryarsa sau ɗaya tak da ta san ko lafiyar ta gaske ce ko ta baki. Sau ɗaya ta gwada, da gida ba kowa. Ta manna kunne a jikin rakoda, ba ta ji komai ba sai da ta murɗa ƙarar har ƙarshe, sai ga maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko an sake kawo wani kaset ne. Lauratu ta ce kaza ce ta taka abin. Daga ranar ba ta ƙara taɓa ta ba.

Cikin masu sayen langaɓunta akwai Malama Tabita, mai koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata. Ita ma 'yar Salka ce. Tun zuwanta na farko shekarun baya, Lauratu ta ji yadda harshenta yake karya Hausa ta ce, “Ke, 'yar gidan wa ce a garinmu?” Tun daga nan in Tabita ta zo sai an ƙara mata ƙashi mai ɓargo. Tabita ta daɗe da gane matsalar kunnen, don malamin aji ya san mai kallon baki, amma ba ta taɓa faɗa ba. Sai dai kullum ta dama take zama.

Wata Asabar da hantsi ta zo da buƙata. Tana son kan rago guda, a dafa shi har nama ya zube, amma kar gatari ya taɓa shi.

“Malama, in asiri za ki yi, ba a gidana ba,” in ji Lauratu.

“Inna, asirin da zan yi yara arba'in ne za su kalla. Kunne zan koya musu.”

“Kunne ai cinye shi ake yi. Guringuntsi ne, ba komai a ciki.”

“Wancan na waje ne. Ki dafa min, zan nuna miki na ciki.”

Da kan ya dahu ya huce, Tabita ta kife turmi ta zauna, ta fito da 'yar kurfi ta ɓantarar ƙashi da hantsaki. Ta juya ƙoƙon kan, ta nuna wani ɗan kumburin ƙashi a gindin kunne, daf da inda muƙamuƙi yake maƙale. Lauratu ta san shi sarai, nan ne gatarinta yake yawan zamewa. Tabita ta ɓantare shi a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai, ta zura hantsaki, ta daɗe tana lalube, sannan ta ce, “Buɗe hannunki.”

Ƙasusuwa uku ta ajiye mata a tafin hannu. Babbansu bai fi ƙwayar shinkafa da 'yar wutsiya ba, ƙaraminsu kuwa sai da Lauratu ta riƙe numfashi don kar ta hure shi. Tabita ta miƙa mata gilashin da ke ƙara girman abu. Lauratu ta duba, ta ɗago, ta sake dubawa. Ɗaya guduma ce sak, da kanta da ƙotarta. Ɗaya kamar uwar maƙera. Na ukun likkafa ce, har da ramin da za a zura ƙafa, in da akwai mai ƙafar da za ta shiga.

“La'ilaha illallahu,” in ji Lauratu. “Wa ya ƙera waɗannan?”

“Wanda ya ƙera ki. Kina da su ke ma, uku nan, uku nan. Sauti ya bugi fatar kunne, fata ta motsa guduma, guduma ta taɓa maƙera, maƙera ta tura likkafa, likkafa ta kai saƙo can ciki. Duk abin da kika taɓa ji a duniya ta kansu ya bi.”

Lauratu ta sake duban ƙasusuwan. Shekara talatin tana fasa kawuna, dubbai, kuma kowane ɗaya da waɗannan 'yan abubuwa shida a ciki. Ta zuba su a miya, mutane sun haɗiye su da romo, ta share su da tsintsiya ta watsa wa kaji. Ba kunya ta ji ba, tsoro ne ya kama ta, irin wanda ke kama mutum in ya gane ya daɗe yana wucewa ta gaban babban abu bai yi sallama ba.

Tabita ta buɗe jaka ta fito da wani busasshen ƙoƙon kai, dogo siriri. Na damo ne. Ta ɗora shi kusa da na ragon.

“Inna, dubi muƙamuƙin rago na ƙasa. Ƙashi nawa ne a kowane gefe?”

“Ɗaya. Wannan ko a mafarki kika tambaye ni.”

“To dubi na damo.”

Lauratu ta kai gilashi. Muƙamuƙin damo ɗinki-ɗinki ne, guntaye da yawa aka harhaɗa, kamar ƙwaryar da ta sha gyara.

“Shi damo da ƙadangare da danginsu, ƙashi ɗaya ne tak a kunnensu, wanda yake matsayin likkafar nan. Ba guduma, ba maƙera. Kin ga waɗannan biyun da ke mahaɗar muƙamuƙinsa, inda baki yake buɗewa ya rufe? Su ne gudumar da maƙerar. A wurinsa tauna suke yi. A wurin rago da ke da ni, da duk mai shayar da nono, sun bar tauna sun koma ji.”

“Suka tashi daga baki suka koma kunne? Da ƙafa suka taka?”

Tabita ta yi dariya. Ta ce ba rana ɗaya abin ya faru ba, kuma ba a jikin dabba ɗaya ba. Masana sun haƙa ƙasa a wurare da yawa sun tono ƙasusuwan da suka daɗe har suka zama dutse, na wasu halittu da suka shuɗe tun ba a yi rago ba, tun ba a yi mutum ba. In aka jera su daga na da can zuwa na baya, sai a ga ƙashin da ke ɗauke da haƙora yana ta girma, na bayansa suna ta ƙanƙancewa. Har an samu wasu 'yan ƙanana kamar jaɓa masu mahaɗa biyu a muƙamuƙi, tsohuwa da sabuwa gefe da gefe. Da sabuwar ta ɗauki nauyin tauna, sai tsofaffin ƙasusuwan suka samu hutu. Da ma tun suna wurin suna ɗan karɓar motsin sauti, to sai suka zauna a kan wannan aikin, suka yi ta sirancewa har suka rabu da muƙamuƙi.

“Shekara nawa ke nan?”

“Miliyoyi, Inna. Ana maganar wajen ɗari biyu.”

“Ke kika ƙirga?”

“Ban ƙirga ba. Amma akwai wanda ba sai an je da nisa ba. Kin san ɗan tayin da ake samu in an yanka tunkiya mai ƙaramin ciki? In aka duba shi da madubin likita, gudumar nan a jikin guringuntsin muƙamuƙi take fara fitowa, a manne, sai daga baya ta rabu. Haka ɗan mutum ma. Kowane jariri sai ya sake bin hanyar nan a cikin uwarsa.”

Wannan ce ta shige ta. Maganar miliyoyi ta bar wa Allah, shi ya san abinsa. Amma a ce a cikin cikinta, lokacin da take ɗauke da yaron nan tana tsugune gaban murhu a gidan nan, wani ɗan ƙashi ya saki muƙamuƙinsa ya tafi ya zama abin da zai ji muryarta da shi, ita ba ta sani ba, ba ta sa hannu ba! Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

“Allah ba ya zubar da komai,” ta ce a hankali. “Mu ma in ƙwarya ta fashe ba ma yar da sakaina, kwasar wuta muke yi da ita. Ana cewa kunne ya girmi kaka. Ashe shi ma yana da wanda ya girme shi.”

Can ta ɗago, ta kalli ƙofa, ta rage murya. “Malama, to nawa fa? Kin dai sani, ba sai na faɗa ba.”

“Na sani, Inna. Ni ba likita ba ce. Amma ruwan kunne in ya daɗe yakan cinye fatar, wani lokaci har ƙasusuwan.”

“To ga abin da ban gane ba. Ni da ba na jin ladan sai na ga mutane sun tashi, in na ciji goro sai in ji kamar ana faskare a tsakiyar kaina.”

Tabita ta ajiye hantsakin. Ta ce, “Ina zuwa ranar Litinin.”

Ta zo da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu kamar gwafa. Ta buga shi a gwiwa ta kai kusa da kunnen Lauratu. Shiru. Ta sake bugawa ta ce, “Ciji gindinsa.” Lauratu ta harare ta, ta cija. Nan take wani sauti siriri, mai tsabta, dogo, ya cika mata kai daga goshi har ƙeya. Rabonta da jin abu mai tsabta haka tun Audi yana raye. Ta saki ƙarfen ta dafe ƙirji tana salati.

“Can cikin kunnen lafiyarsa ƙalau,” in ji Tabita. “Gadar ce ta karye. In sauti ya bi ta haƙori da ƙashin kai, sai ya zagaye ta ya isa. Maciji ma in ya ɗora haɓarsa a ƙasa, ta nan yake jin takun mai zuwa.”

Lauratu ba ta ce mata komai game da kaset ba. Tabita ma ba ta tambaya ba, duk da ta ga idon tsohuwar ya tafi ɗakin Bilki, inda rakodar take.

Ranar Alhamis aka yi suna a unguwar, Bilki da matan gidan duk suka tafi. Lauratu ta ce ita tukunya ba za ta bar ta ba. Da gidan ya yi tsit, ta wanke hannu, ta shiga ɗakin Bilki ta ɗauko rakodar ta kai nata ɗakin, ta saki labule. Ta san maɓallin, wanda fentinsa ya goge. Ta murɗa ƙarar ƙasa-ƙasa yadda ko kazar tsakar gida ba za ta ji ba. Da farko muciya ta ɗauko, don a ganinta bai dace mace mai shekarunta ta ciji akwati ba. Ta dafa kan muciyar a jikin rakoda ta ciji ɗaya kan. Ta ji motsin magana, amma can nesa, kamar daga ƙasan rijiya. Ta ajiye muciyar. Ta rungumi rakodar da hannu biyu kamar kan sa, ta kafa haƙora a kusurwarta.

“Assalamu alaikum, mutanen gida. Ni ne Haliru.”

A cikin kanta yake maganar. Ba daga gabanta ba, ba daga bayanta ba, a cikin jikinta, inda shi ma ya taɓa zama. Muryar ta yi kauri, ta koma ta Audi sak, har yadda yake jan ƙarshen kalma. Akwai ɗan tari da Bilki ba ta faɗa ba, amma tarin sanyi ne, ba na ƙirji ba. Da ya ce yana lafiya ta saurara da kyau, ta ji ba ya sauri. Yaron nan in zai yi ƙarya sauri yake yi tun yana ƙarami. Lafiyarsa lau.

Ya gaida baffanninsa, ya gaida mahauta ɗaya bayan ɗaya, ya tsokani Bilki. Sai ya tsaya. Kaset yana ta juyawa, ana jin ruwan sama yana dukan kwano a wata ƙasa da ba ta taɓa gani ba. Ta ji ya ja numfashi, ta ji ya haɗiyi yawu. Sannan ya ce, a gajarce, “A gaida ta.”

Bilki ta kawo mata kowace kalma ba ta rage ko ɗaya ba, amma ba ta kawo mata wannan shirun ba, don ba abin da ake iya ɗauka ba ne. Hawaye suka gangaro suka bi ta wushiryar suka jiƙa akwatin, ita kuwa ba ta saki ba har kaset ya ƙare.

Haliru ya dawo bayan shekara biyu, ya rame, amma da ƙafafunsa. Ya durƙusa gaishe ta, ta amsa wa murhu kamar yadda ta saba. Harshen rago kuwa ranar ba a sayar ba, wai bai dahu ba. Da ya nemi rakodarsa, Bilki ta kawo tana ba da haƙuri, wai ɓera ya gwaguye kusurwar, sun rasa yadda aka yi. Haliru ya juya ta zuwa haske. Sawun haƙora ne birjik, sabo a kan tsoho, kuma a kowane sawu akwai fili a tsakiya. Ya shafa wurin da babban yatsa.

“Wannan ɓeran yana da wushirya,” ya ce wa Bilki a hankali. “Kar ki kuskura ki faɗa wa kowa.”

Bai taɓa yi wa uwar maganar ba, ita ma ba ta taɓa yi masa ba. Sai dai tun daga lokacin, duk zuwan da zai yi gida daga bariki, yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa, a ji shi yana magana shi kaɗai. In zai koma sai ya ajiye rakodar a bakin ƙofarta da kaset a ciki da sabon batir, ya ce wa Bilki, “Ki ce a ajiye min wannan.”

Lauratu takan fito ta tarar da ita, ta yi tsaki. “Wancan dai bai da aiki sai tare wa mutane hanya da tarkace.” Sai ta sunkuya ta ɗauka, ta shige ɗaki, ta saki labule.